Daga "K3G" zuwa "Kwana 90": Yadda 'yan kallo ke gutsure sunayen fina-finai

Duk wanda ya leƙa shagunan masu tura fim a waya a Ikara, Maƙarfi ko Kudan, zai ji matasa ba su cika kiran sunan shiri cikakke ba. Kowa sauri yake yi, layi ya yi tsawo.

Fina-finan Indiya ne suka saba mana da harufa. "Kabhi Khushi Kabhie Gham" na 2001 ya gagari harshe, sai aka huta da "K3G", a baki "Ke-tiri-ji", kamar dai yadda ake kiran kamfanin Ali Nuhu, FKD, "Ef-Ke-Di".

Amma fa shirye-shiryenmu na gida sun ƙi wannan salon. "Kwana Casa'in", wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, ana rubuta shi "Kwana 90", sai dai ba mai cewa "nainti". Casa'in ɗin nan dai ake faɗa. "Gidan Badamasi" kuwa "Badamasi" kawai ya wadatar.

Dalili? Sunan Hausa ma'ana gare shi, kalma ake yankewa ba harafi ba. Ka ce wa mai shago "GB", wallahi girman memorinka zai tambaya, na bayanka ya karɓi fim ɗinsa ya wuce!