Dajin Kamuku Da Gangaren Dogon Ruwa: Makarantar Da Ba Ta Da Bango

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu da aikinmu shi ne horon malamai mun daɗe muna lura da wani giɓi a ilmin 'ya'yanmu. Yaron da ya tashi a Rido, kudu da Kogin Kaduna, ya san hayaƙin matatar man da aka buɗe a 1980, amma in ka tambaye shi bambancin gwanki da kanki sai ya yi shiru. Alhali kuwa cikin jiharsa akwai dajin da aka keɓe domin waɗannan namun.

Wannan daji shi ne Kamuku, kusa da Birnin Gwari, mil saba'in da ɗoriya yamma da Kaduna. En'e ce ta fara keɓe shi a 1936, sa'an nan a 1999 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,120 ne, kuma yana iyaka da dajin Kwiyambana na Zamfara.

Yawon yini guda ya isa ya koya wa ɗalibi abin da allo ba zai koyar ba cikin wata. Ayarin motoci zai tashi da asuba, domin naman daji da sanyin safiya yake kiwo, rana na yin zafi sai ya shige duhuwa. Itatuwan wurin su ne doka da maje da taura da kawo. Daga cikin namun da aka rubuta a dajin akwai giwa, da gwanki, da kanki, da mazo, da gada, da gwaggon biri, da tsuntsaye irin su burtu. Da hantsi sai a nufi Tsaunin Rema, wanda ya sami sunansa daga remayen da ke cikin duwatsunsa. Da azahar kuwa a ya da zango a Dogon Ruwa, inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse. Nan malami zai nuna yadda itatuwa ke riƙe ruwan sama a ƙasa, har rafi ya daɗe bai ƙafe ba.

Zaɓen lokaci yana da wuya. Da damina gangaren na cika, amma ciyawa kan ɓoye namun. Da bazara ana ganin namun a mashaya, amma ruwan ya ja baya. Saboda haka kaka ta fi dacewa.

To, sai dai akwai babban cikas. Shekaru da yawa ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun mai da dajin mafakarsu. A watan Maris na 2024 an sace 'yan makaranta a Kuriga, kan hanyar nan ta Birnin Gwari. A ƙarshen shekarar an yi sulhu, har aka sāke buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Duk da haka kada wani malami ya ɗebi yara sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun.

Roƙonmu ga Gwamnati da sarakuna shi ne su tsare wannan daji kamar yadda ake tsare makaranta. Yaron da bai taɓa ganin gwanki ba, ba zai yi baƙin cikin ƙarewarsa ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.