Daga filin makaranta zuwa fadar mulki: Inda rayuwa ta kai 'yan wasan sakandaren Katsina da Zariya

Duk shekara, kafin a zauna rubuta jarrabawar BEPC, ɗaliban makarantun Madarumfa da ke Jihar Maraɗi, kamar takwarorinsu na sauran sassan Nijar, sai sun fita fili an gwada su a gudu da tsalle da jifa. Malamai na tsaye da agogo da takarda, ana rubuta maki. Da an tashi daga filin, yawanci magana ta ƙare ke nan. Yaron da ya tsere wa kowa ya samu makinsa, amma da wuya a samu wanda zai bi sawunsa ya ga inda ƙafar nan za ta iya kai shi.

Daga Madarumfa zuwa Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. A can akwai wani tsohon ginin ƙasa da yanzu ya zama gidan tarihi, wanda labarinsa ke nuna abin da filin makaranta ya taɓa haifarwa a ƙasar Hausa. Shi ne ginin Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta ɗauki sunan Kwalejin Barewa.

Sardauna da ƙwallon bango

Turawan da suka kafa kwalejin sun zo da tsarin makarantun kwana na Ingila, inda wasa yake da matsayi kusan daidai da aji. Cikin wasannin da suka kawo akwai kurket, da kuma Fives, wato ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, mutum biyu da biyu, a cikin fili mai bango uku. Asalin wasan daga makarantar Eton ne ta 'ya'yan manya a Ingila. Wani malami Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Katsina da Birnin Kebbi, shi ake dangantawa da shigo da shi Arewa a shekarun 1920.

Da wasan ya zo nan sai ya sauya kama. Ƙwallon da ake amfani da shi a Ingila mai tauri ne, yana ɓantare bangon ƙasa, don haka aka koma buga ƙwallon tanis. Har yau da shi ake yi a Najeriya.

Ahmadu Bello ya shiga kwalejin a 1926, ya fita a 1931, kuma ya riƙe kyaftin na Fives. Daga nan ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama Hakimin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Duk wannan bai raba shi da wasan ba. Yana Firimiya yana buga shi, ya ƙarfafa gina filayensa a garuruwan Arewa, har a Eton ɗin kanta ya shiga fili lokacin da ya ziyarci Ingila. Bayan kisansa a ranar 15 ga Janairun 1966, wasan bai mutu ba; ana ci gaba da gasar Kofin Sardauna, kuma a Katsina da wasu garuruwa matasa na taruwa a bakin bango da yamma.

Abin lura shi ne, a Ingila wasan ya tsaya a hannun makarantun masu hali. A nan kuwa ya fito daga makaranta ya shiga unguwa, kuma ɗalibi ɗaya da ya ƙi mantawa da shi yana da babban kaso a hakan.

Shi kuwa Hogben, mutane da yawa sun fi saninsa ta littattafan tarihin masarautun Arewa da ya rubuta fiye da ta filin wasa.

Mai tsaron raga da kyaftin na harbi

A farkon shekarun 1950, bayan kwalejin ta koma Zariya, an yi wani yaro daga Wusasa da ya mamaye filin makarantar. Shi ne mai tsaron raga na ƙungiyar ƙwallon ƙafa, yana tsalle da sanda, yana gudun dogon zango, shi ne kyaftin na dambe, kuma a shekararsa ta farko ya karya tarihin makarantar a gudun mil ɗaya. Sunansa Yakubu Gowon.

Ya shiga soja a 1954, ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana ɗan shekara 31, ya jagoranci ƙasar a yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Da yaƙi ya ƙare, ɗaya daga cikin hanyoyin da gwamnatinsa ta bi don ɗinke ɓaraka ita ce wasanni. A 1973 Legas ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu, kuma a shekarar ce aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda ke tara matasan jihohi wuri guda. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a hango tsohon ɗan wasan Barewa a bayan wannan tunani.

Wanda ya gaje shi bayan juyin mulkin 29 ga Yulin 1975 shi ma ɗan makarantar ne. Murtala Muhammad ya kasance cikin ƙungiyar ɗalibai masu horon soja, kuma kyaftin na harbi a shekararsa ta ƙarshe. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi a kan mulki aka kashe shi, ranar 13 ga Fabrairun 1976. Gowon kuwa ya koma aji a Ingila, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Warwick, kuma ya cika shekara 90 a Oktoban 2024.

A gaskiya ba gudu ko dambe ne ya ba waɗannan mutane mulki ba. Makarantar ta zaɓaɓɓu ce, ɗalibanta kaɗan ne, kuma ƙofofin aiki a buɗe suke gare su ko sun taɓa ƙwallo ko ba su taɓa ba. Sai dai a filin ne yaro ya fara riƙe ragamar 'yan'uwansa, ya sha kaye a gaban jama'a, ya dawo washegari.

Ba'amurken da ya zauna a Zariya

Labarin masu horarwa ya fi wuyar samu, domin ba a cika rubuta sunan malamin wasanni ba. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da sunansu ya fita duniya shi ne Oliver B. Johnson, wanda 'yan ƙwallon kwando ke kira OBJ. Ba'amurke ne da ya zo Najeriya ya yi zamansa, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara a filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 amma ya tashi a Zariya. Ƙwallon ƙafa ya fara yi kamar kowane yaro, sai yana wajen shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. Ya ƙarasa sakandare a Seattle ta Amurka, ya yi wasa na wasu shekaru a Turai ba tare da ya yi wani babban suna ba. Da ya daina wasa ya karɓi aikin farautar 'yan wasa wa ƙungiyar Orlando Magic ba albashi, yana biya wa kansa kuɗin tafiya.

Daga nan ne tauraronsa ya haska. Ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA a 2013, sannan ya koma Toronto Raptors, wadda ta ci kofin NBA a 2019, karon farko da wata ƙungiya daga wajen Amurka ta yi haka. Ya bar ƙungiyar a 2025. Tun 2003 yake gudanar da shirin Giants of Africa na horar da matasa, wanda ya yi alƙawarin gina filayen ƙwallon kwando 100 a nahiyar. Ujiri ya sha ambaton OBJ a matsayin wanda ya ɗora shi a hanya.

Sakkwato ma tana da nata rabon a wannan tarihi. A ƙarshen shekarun 1970 wata makarantar horon malamai ta Musulmi daga Legas ta je gasar wasanni a birnin, da wani dogon yaro a cikin 'yan ƙwallon hannunta. A can aka saka shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Yaron shi ne Hakeem Olajuwon, wanda aka fara ɗauka a zaɓen 'yan wasan NBA na 1984, ya kuma ci kofi sau biyu da Houston Rockets a 1994 da 1995. Da ba a yi gasar makarantun ba, ko da ba a samu kuɗin motar zuwa Sakkwato ba, Allah kaɗai Ya san inda labarin zai nufa.

Idan gwiwa ta ƙi

Ba kowa ne ke sauka lafiya ba. Daniel Amokachi yana ɗan sakandare a Kaduna, yana buga wa Ranchers Bees, koci Clemens Westerhof ya tafi da shi gasar cin Kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya yana ɗan shekara 17. Ya ci kofin Afirka a 1994, ya zura ƙwallo biyu a gasar cin Kofin Duniya ta shekarar, ya ɗauki Kofin FA da Everton a 1995, ya kuma ci ƙwallo a wasan ƙarshe da Najeriya ta doke Ajantina ta karɓi zinare a Atlanta a 1996.

Sai ciwon gwiwa ya same shi a lokacin gasar 1998. Bai kai shekara 30 ba ƙungiyoyin Turai suka fara mayar da shi bayan gwajin likita. Shi ya samu mafita: ya koma horarwa, yana cikin mataimakan Stephen Keshi lokacin da Najeriya ta ci Kofin Afirka a 2013, kuma a 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa. Amma wanda gwiwarsa ta ƙi tun yana buga wa ƙungiyar jiha, bai ƙarasa makaranta ba, bai koyi sana'a ba, babu mai naɗa shi komai. Irin waɗannan su ne suka fi yawa, kuma duk unguwa ta san nata.

Yau makarantu masu zaman kansu da dama a biranen Arewa a gidajen haya suke, ba su da ko inda za a kafa raga. A wasu makarantun gwamnati an yanka gefen fili an gina shaguna. Gasar gidaje ta shekara-shekara ta koma ranar rumfa da jawabai da neman gudummawar iyaye.

A ɓangaren Nijar, kokawar gargajiya ce ta samu tsarin da wasannin makaranta ba su samu ba: daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha, har gasar Takobi, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe karonta na farko a Tawa a 1975. A gasar Olamfik kuwa, Issaka Dabore ya kawo wa ƙasar tagulla a dambe a 1972, sai da aka jira shekara 44 kafin Abdurrazak Issoufou Alfaga ya kawo azurfa a tekwando a 2016, shi ma bayan ya samu horo a Jamus.