Labarin Bill Russell, Madugun 'Yan Ƙwallon Kwando

Jama'ar zango, yau ga labarin wani baƙar fata na Amurka wanda aka ba shi shugabancin tsararsa a zamanin da ba a ba irinsa. Ko da ya ke yawancinmu ba mu san ƙwallon kwando ba sai a bakin yaranmu, labarin ya shafi duk mai mutane a ƙarƙashinsa, ko maigida ne mai saukar da fatake, ko mai rumfa a kasuwa.

Shi wasan nan mutum biyar-biyar ke yinsa, kowane gefe yana neman jefa ƙwallo cikin kwandon da aka kafa a sama, ƙafa 10 daga ƙasa. Kowace ƙungiya da mai horonta, wanda yara ke kira koci. Matsayinsa kamar na madugu ne a ayari: shi ke zaɓen mai shiga, ya fid da wanda ya gaji, ya tsara dabara. In aka ci a yabi 'yan wasa, in aka faɗi shi za a kora.

An haifi Russell a 1934 a garin Monroe, a kudancin Amurka, ya girma a Oakland. A 1956 ya shiga ƙungiyar Boston Celtics, ƙarƙashin wani Bature mai horo, Red Auerbach. Gwanintarsa ita ce tsare kwando da kama ƙwallon da ta kuskure. Da shi Boston ta ci kofin babbar gasar ƙasar, watau NBA, shekara takwas a jere, daga 1959 zuwa 1966. Duk da haka bai tsira daga wulakanci ba, har an taɓa fasa gidansa aka yi masa ɓarna saboda launin fatarsa.

To, a 1966 Auerbach ya ajiye aikin horo, ya miƙa wa Russell. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a NBA. 'Yan jarida suka tambaye shi ko zai iya adalci ga Turawan da ke ƙarƙashinsa, ya amsa musu da cewa abin da a ke dubawa shi ne iyawar mutum. Wahalar aikin kuwa biyu ce. Yana horo, yana kuma wasa a fili, sa'an nan waɗanda zai ba umurni abokansa ne na jiya. Duk wanda aka taɓa ɗora shi bisa 'yan'uwansa ya san nauyin wannan.

Shekarar farko ba ta yi kyau ba. A 1967 Philadelphia, da ƙatonta Wilt Chamberlain, ta fid da Boston. Cikin shekarar nan ne kuma Russell ya je Cleveland ya tsaya bayan Muhammad Ali, wanda ya ziyarci Ghana a 1964, sa'ad da Ali ya ƙi shiga soja.

A 1968 suka sake gamuwa da Philadelphia. Ka'ida ita ce wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ya wuce. Philadelphia ta ci uku, Boston ɗaya tak, amma Boston ta ci ukun da suka rage, ta je ta kayar da Los Angeles Lakers ta ɗauki kofi. A 1969, yana da shekara 35, ya sake gamuwa da Lakers. Mai Lakers har ya sa an rataya balan-balan a rufin ɗakin wasa don murna, sai Boston ta ci wasa na bakwai, 108 da 106. Daga nan Russell ya bar wasa da kofi 11, biyu yana mai horo.

Sauran aikinsa bai kai wannan ba. Ya riƙe Seattle daga 1973 zuwa 1977, ya kai su zagayen neman kofi karo na farko a 1975. A Sacramento kuwa, a 1988, an sauke shi bayan ya ci wasa 17 an ci shi 41. Ya rasu ran 31 ga Yuli 2022, NBA ta hana ba kowa lambarsa, 6, daga nan gaba.

Muna roƙon iyayengijinmu su dubi abin da Auerbach ya yi. Ya miƙa aiki tun yana da ƙarfi, ya zauna kusa, bai karɓe ba da aka faɗi a shekarar farko. Gidajen ciniki nawa muka gani sun watse a zangunanmu don maigida bai ɗora kowa ba har ya kwanta dama? Allah Ya ba mu magada na gari, amin.