Jar Fitila A Gaban Direba Ba Ado Ba Ce

Direbobi da yawa, ko masu bin hanyar Ikko zuwa Kano, ko masu fama da cunkoso a kan gadar Carter, ba su duban allon da ke gaban sitiyari sai in suna son su ga sauran man da ke tanki. Alhali kuwa a nan ne mota take faɗin ciwonta tun kafin ya kwantar da ita.

Launin fitila shi ne abin lura na fari. Kore ko shuɗi sanarwa ce kawai. Ruwan ɗorawa yana nufin a nemi makaniki ba da jimawa ba. Ja kuwa, a tsaya.

Wadda ta fi duka haɗari ita ce mai siffar 'yar buta. Ba yawan baƙin mai take aunawa ba, ƙarfin da famfo yake tura shi cikin inji take nunawa. In ta kama ana cikin tafiya, to ƙarafa suna gugar juna a bushe ke nan, kuma cikin 'yan mintoci inji yana iya bugawa. Sai direba ya ratse, ya kashe mota, ya dakata kaɗan, sa'an nan ya duba mai. In ya tarar mai a cike amma fitilar ta ƙi mutuwa, gara a jawo motar da a sayi sabon inji.

Allurar zafi a tsakiya take zama, wajen digiri 90. In ta haura zuwa ja, a tsaya, amma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, don tafasasshen ruwa yakan yi tsiri ya ƙone fuska.

Fitila mai siffar batir kuma tana nuna caji ya tsaya, sau da yawa don fanbel ya tsinke. A motar Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Ikko cikin 1975, babu lagireto, iska ke sanyaya inji, kuma bel ɗin nan ne yake juya fankar. Wanda ya ci gaba da tafiya ya ƙone injinsa.

Motocin zamani suna da wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji. Tun 1996 doka a Amurka ta tilasta a sa wa sababbin motoci kafar da makaniki zai jona na'ura ya karanta matsalar. In fitilar tana ƙyaftawa, abin ya yi tsanani, sai a rage gudu a nufi gareji.

Daga ƙarshe, duk sa'ad da aka murɗa makulli, fitilun nan sukan kama gaba ɗaya, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba, ko ƙwanta ya mutu ko an cire shi. Mai shirin sayen tsohuwar mota ya lura da wannan tun kafin ya biya kuɗi.