Daga Kasuwan Magani zuwa Kafanchan: Guraben aikin da ke cikin harkar sufuri da jigilar kaya

Duk ranar Alhamis da kasuwa ke ci a Kasuwan Magani, cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru ta Jihar Kaduna, buhun masara ɗaya kan bi ta hannun mutane da dama kafin ya bar garin. Mai baro zai turo shi zuwa bakin mota, 'yan dako su ɗora, ɗan kamasho ya daidaita kuɗin lodi, yaron mota ya ɗaure kaya, sannan direba ya kama hanyar Kaduna ta Kujama, ko ya nufi Kachia. Kowannensu da wannan buhun yake ciyar da gidansa.

Yawancin matasan yankin ta wannan ƙofa suke shiga sana'ar sufuri, kuma ƙofar ta yi ƙunci. Rikicin da ya ɓarke a kasuwar ranar 18 ga Oktoban 2018, wanda 'yan sanda suka ce ya ci rayuka 55, rahotanni sun nuna cewa daga saɓani tsakanin masu turin baro ya faro kafin ya rikiɗe. Dalilansa sun fi haka zurfi, amma ya nuna yadda hannaye suka yi wa ƙaramin aiki yawa.

Tarihin Kafanchan na da abin da zai koya wa mai neman aiki a wannan fanni. Garin ya bunƙasa ne bayan da layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1927, ya zama mahaɗar layukan Kaduna da Jos. Hukumar jiragen ƙasa ta ɗauki direbobi da makanikai da akawuna da masu kula da layi, mutane suka yi ta kwararowa daga kudu da arewa. Da harkar jirgin ta durƙushe, kayan ba su daina tafiya ba, sai suka koma kan titi, aikin ma ya bi su. Waɗanda suka tsira da sana'arsu su ne masu ƙwarewar da za a iya ɗauka zuwa wani wuri.

A yau babban kayan da Kudancin Kaduna ke fitarwa shi ne citta, daga Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Kafin ta kai tashar jiragen ruwa ta Legas, sai an busar da ita, an tace, an auna, an adana a sito, an cika takardun kwastan, an kuma yi mata inshora. A nan ne guraben da ba a cika kula da su ba suke: mai kula da sito, akawun da ke riƙe lissafin shiga da fitar kaya, jami'in da ke tsara tafiyar motoci yana bin sawunsu ta na'ura, da wakilin fiton kaya. Tashar tsandauri ta Kaduna da ke Kakuri, wadda aka buɗe a watan Janairun 2018, an kafa ta ne domin a riƙa kammala irin waɗannan takardu a gida. Aiki ne da ke neman karatu da rubutu da ɗan sanin kwamfuta, kuma mata ma na iya yinsa, saɓanin tasha inda maza suka mamaye.

Wurin koyo bai yi nisa ba. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, wato NITT, tana Zariya tun 1986, tana ba da horo na gajeren lokaci da na difloma. Akwai kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura. Mai son tuƙi kuwa, tsohuwar hanyar zama yaron mota har maigida ya miƙa sitiyari tana nan, sai dai manyan kamfanoni ba sa ɗaukar direba sai da lasisin da ya dace da ajin motar, wanda ake samu bayan shaidar makarantar tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita. Makanikai ma sun samu sabon fage tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, domin ana neman waɗanda suka iya mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG.

Bai kamata a ɓoye wa matashi wahalar ba. Cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023 ta bar motoci da sitoci babu lodi, 'yan dako suka zauna. Hanyar Kaduna zuwa Kachia ta sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma direba ne kan gaba wajen haɗuwa da su. Galibin aikin tasha babu takardar ɗauka, babu fansho; ƙungiyoyi irin su NURTW ta direbobi da NARTO ta masu motocin haya su ne madogara idan matsala ta taso.

Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi damar gina layin dogo da gudanar da shi. Idan jirgin kaya ya dawo Kafanchan yadda ya kamata, masu takardar shaida a hannu za a fara kira.