Abin da ƙarin girman malaman lafiya ke nufi ga jama'ar Zamfara

A kowace shekara majalisun gudanarwa na jami'o'i kan fitar da sunayen malaman da aka yi wa ƙarin girma. Cikin 'yan sa'o'i hotunansu kan cika Facebook da WhatsApp, 'yan uwa da ɗalibai na taya murna, wani lokaci har a shirya walima. Ɗan kasuwa a Gusau ko ma'aikaci a sakatariya kan dubi labarin ya wuce, yana ganin sha'ani ne na 'yan boko da iyalansu.

Sai dai idan sanarwar ta fito daga tsangayar kimiyyar lafiya, ta shafe shi fiye da yadda yake zato. Yawan malaman tsangayar da matsayin da suka taka su ne ke yanke hukunci kan ɗalibai nawa za a ɗauka, da ko takardar da ɗansa zai samu za ta ba shi lasisin aiki, da kuma ko sai ya kai mahaifiyarsa Sakkwato ko Zariya ko Kano kafin ta ga ƙwararren likita.

Batun ya ƙara muhimmanci a Zamfara tun daga 2025, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya da Fasaha a Tsafe, garin da ya daɗe da kwalejin jiha mai horar da ma'aikatan lafiya. Jihar, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996, tana kuma da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da jami'ar jiha a Talata Mafara, da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Ana iya kammala ginin aji da ɗakin gwaji cikin shekara biyu idan kuɗi ya samu. Malamin da zai tsaya a cikinsu kuwa, samar da shi kan ci shekara ashirin.

Matakalar da malami ke hawa

Matakan koyarwa a jami'o'in Najeriya bakwai ne. Ana farawa da mataimakin malami mai digiri ɗaya, sai ƙaramin malami mai digiri na biyu, sai Lakcara II, sai Lakcara I, sai Babban Lakcara, sai Mataimakin Farfesa, sannan Farfesa. A yawancin jami'o'i sai malami ya yi aƙalla shekara uku a mataki ɗaya kafin a duba shi don na gaba.

Daɗewa kaɗai ba ta isa. Ana duba koyarwarsa, da ɗaliban da ya jagoranta a bincike, da hidimar da ya yi wa jami'a da al'umma. Abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne maƙalun bincike da ya wallafa a mujallun ilimi, waɗanda wasu masana suka tace kafin a buga. A matakai biyu na ƙarshe, jami'a ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Takan tattara rubuce-rubucen malamin ta aika wa farfesoshin fanninsa a wasu jami'o'i, ba tare da ya san ko su wane ne ba, su auna su dawo da rahoto. Wannan ne dalilin da ya sa sanarwar farfesanci kan ɗauki shekara ɗaya ko fiye, kuma idan ta fito akan ga an mayar da ranar fara aikinta baya.

Hanyar malamin likitanci ta fi tsawo. Yakan yi shekara shida a digirin farko, da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, da shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Daga nan ya shiga horon ƙwarewa na shekara biyar zuwa shida, yana rubuta jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta kwalejojin likitoci da na masu tiyata na Afirka ta Yamma. Sai bayan ya ci wannan ne yawanci ake ɗaukar sa a matsayin Lakcara I. A ƙara shekara tara na matakai ukun da suka rage, lissafi ya haura shekara 20. Yaron Tsafe da ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18, idan komai ya tafi daidai ba tare da yajin aiki ko faɗuwa jarrabawa ba, zai kai shekara 40 kafin a kira shi Farfesa. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas.

Dalilin da ya sa lissafin ya shafi iyaye

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ba ta barin a koyar da fanni sai ta tantance shi. Daga cikin abubuwan da take dubawa akwai adadin malamai da yadda suka rarrabu. Ma'auninta shi ne kashi 20 cikin ɗari su kasance farfesoshi da mataimakansu, kashi 35 manyan lakcarori, kashi 45 kuma Lakcara I zuwa ƙasa. Fannin da ya cika sharuɗɗa kan samu cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya gaza kaɗan ana ba shi ta wucin gadi ta shekara biyu. Wanda ya faɗi kuwa ana hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai.

A fannonin lafiya akwai ƙofa ta biyu. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, tana yin tata tantancewar, kuma ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta iya yayewa. Haka majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma, da ta masu aikin ɗakin gwaji, da ta masu harhaɗa magunguna, kowace tana da nata sharuɗɗan. Masu karatun lafiyar al'umma a kwalejoji irin ta Tsafe su ma suna da hukumar da ke yi musu rajista. Ɗalibin da ya gama a fannin da majalisarsa ba ta amince da shi ba yana iya riƙe takardar digiri amma ya rasa lasisi, kuɗin da iyayensa suka kashe ya tafi a banza.

Saboda haka idan aka ji cewa sashen nazarin sassan jiki ko na lafiyar yara ya samu Babban Lakcara na farko ko Farfesa na farko, ma'anarsa ita ce an cike gurbi ɗaya a takardar masu tantancewa. Haka nan sashen ya samu wanda zai jagoranci masu digiri na biyu da na digirgir, wato ya fara haifar malamansa da kansa maimakon aro daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya.

Akwai kuma ribar da majinyaci ke samu kai tsaye. Malamin likitanci ba a aji kaɗai yake aiki ba. Shi ne ƙwararren da ke zagayen ɗakunan majinyata da safe, ɗalibai na biye da shi, shi ne kuma ke shiga ɗakin tiyata. Duk ƙwararren da jami'a ta riƙe, asibitin da take koyarwa a ciki ya riƙe shi ke nan, kuma an rage wa wani iyali tafiyar fiye da kilomita 200 daga Gusau zuwa Sakkwato da marar lafiya a mota.

Binciken da Zamfara ke buƙata

Tarihin jihar na baya-bayan nan ya nuna tsadar rashin masana a gida. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sakamakon gubar dalma da ke fitowa daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara lura da yawan mace-macen, ƙwararru daga Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka taimaka wajen gwaji da kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aikin da bai kai ga ƙauyen Bagega ba sai a 2013. A 2022 MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jihar. A 2025, 'yan watanni bayan ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sa tun 2019, aka sake samun rahoton ɓullar gubar a Ƙaramar Hukumar Bungudu.

Haka annobar sanƙarau da ta faro daga Zamfara a ƙarshen 2016. Nau'in C ne na ƙwayar cutar, alhali rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne. An ɗauki makonni kafin a tabbatar da abin da ake fama da shi. Kafin ta lafa a tsakiyar 2017, an samu mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar, fiye da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha asara.

A duka biyun, lokaci ne ya yi kisa. Tsangayar da ke da masanin ƙwayoyin cuta, da masanin guba, da masanin yaɗuwar annoba, da ɗakin gwajin da ke aiki, tana iya gano a cikin kwanaki abin da a da sai an aika samfur nesa an jira. Da wannan ma'auni ya kamata a auna nasarar malami: ko bincikensa ya taɓa mutuwar mata wajen haihuwa, da tamowa, da amai da gudawa a damina, da gubar da ke cikin ƙasar da yara ke wasa a kanta. Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Wannan gurbi ne da malaman Gusau da Tsafe za su iya sa cututtukan yankinsu a ciki, idan akwai waɗanda suka nazarce su.

Ba kowane laƙabi ne nasara ba

Mai karatu na bukatar ya san bambanci. Digirin girmamawa kyauta ce, ba ya nuna an yi bincike, kuma ba ya ba mutum damar koyarwa ko duba marar lafiya. Akwai kuma mujallun da ke buga kowace maƙala idan an biya kuɗi ba tare da tacewa ba, waɗanda jami'o'i masu mutunci ba sa ƙirga su. A 2019 NUC ta bayyana cewa ta bankaɗo farfesoshin bogi kusan 100 a ƙasar nan.

Nasarorin da ke da nauyi sanannu ne: cin jarrabawar ƙwarewa ta kwalejojin likitoci, da kammala digirin digirgir, da samun tallafin bincike ta hanyar gasa daga asusun TETFund ko cibiyoyin waje, da yaye ɗaliban da suka ci jarrabawar majalisunsu, da laccar da Farfesa ke gabatarwa a bainar jama'a don bayyana abin da ya ƙara wa fanninsa. Wannan lacca a buɗe take ga kowa, kuma wuri ne da ɗan gari zai ji da kunnensa abin da aka yi da kuɗin harajinsa.

Samar da malami daban, riƙe shi daban

Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara biyar zuwa bakwai. Gwamnati ta mayar da martani da faɗaɗa guraben karatun likitanci da jinya da sauran fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000. Amma ƙarin ɗalibai na buƙatar ƙarin malamai, kuma ƙwararren da ya kai matakin koyarwa shi ne wanda asibitocin Saudiyya da Ingila suka fi nema.

Zamfara na da ƙarin nauyi a kan wannan, wato tsaro. A watan Satumban 2023 'yan bindiga suka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, daga gidajen da suke haya a Sabon Gida da ke Ƙaramar Hukumar Bungudu. Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ta sha fama da hare-hare. Malamin da ke da zaɓi tsakanin Kano da Tsafe zai tambayi inda iyalinsa za su kwana da makarantar da 'ya'yansa za su shiga kafin ya tambayi albashi. Dokar ta-ɓaci da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a fannin lafiya a farkon 2024 ta fi mayar da hankali ga gyaran asibitoci da kayan aiki, waɗanda su ma sai da ƙwararrun hannu suke amfani.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar da ke son farfesoshinta nan da shekara 15, yau za ta ɗauki matasan da suka fi hazaƙa ta tura su ƙaro ilimi, ta tanadar musu gidaje masu tsaro da ɗakin gwaji mai wuta da ruwa. 'Yan kasuwa da masu hali na da rawar takawa, domin a wasu jami'o'in ƙasar nan attajirai da kamfanoni ne ke ɗaukar nauyin kujerar farfesa ko gina ɗakin bincike.

Ga uban da ke shirin biya wa ɗansa ko 'yarsa kuɗin karatun lafiya, tambayoyi uku sun wadatar kafin ya saki kuɗi: ko NUC ko hukumar da ke kula da kwalejin ta tantance fannin, ko majalisar sana'ar ta amince da shi, da kuma malamai nawa ne na dindindin a sashen ban da masu zuwa ziyara. Amsar ta uku tana cikin irin sanarwar ƙarin girman nan da ake gani a wuce.