Ana Iya Ɗauke Shari'a Daga Wata Kotu Zuwa Wata?

Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Bichi, ya rubuto cewa an yi ƙararsa a wata kotu cikin birnin Kano a kan gonar da ke ƙauyensu. Kuɗin mota ya cinye shi, ga damina ta kama. Yana tambaya ko ana iya maido da shari'ar kusa da gida.

To Malam, ana iyawa, amma ba don kawai ka gaji da zirga-zirga ba. Sai da dalili.

Ka'idar ita ce, rigimar gona ko fili ana jin ta ne a kotun da ke yankin da gonar take, domin can ne shaidu da maƙwabtan iyaka suke, kuma alƙali zai iya zuwa ya gani da idonsa. In kuwa maganar bashi ce ko ciniki, galibi mai ƙara shi ne zai bi wanda yake ƙara zuwa inda yake zaune, ko inda aka ƙulla cinikin. Saboda haka a taka maganar, kana da hujja mai ƙarfi.

Abin da za ka yi, ranar zama na gaba ka tashi cikin ladabi ka shaida wa alƙali cewa gonar ba a yankinsa take ba. Ka faɗa tun da wuri, kafin a fara jin shaidu. In bai saurare ka ba, sai ka rubuta takardar koke zuwa ofishin sufeton kotuna. Tun da aka kafa kotunan yanki a 1968 a madadin kotunan En'e, doka ta ba sufeto ikon duba irin wannan kuka kafin a yanke hukunci. Jihar Kano ta mayar da kotunan yanki na Shari'ar Musulunci a shekarar 2000, suna ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, amma aikin sufeto yana nan. In kuma a Babbar Kotu ake shari'ar, Babban Jojin jiha ake rubuta wa.

Wani dalilin da ake karɓa shi ne alƙali ya kasance ɗan'uwan abokin shari'arka, ko yana da wani amfani a cikin maganar. Amma fa a kawo shaida. "Ban yarda da shi ba" kawai ba ta isa.

Sai dai ka sani, in an ɗauke shari'a, sabon alƙali daga farko zai soma, duk shaidun da suka yi magana sai an sake kiransu. Kuma kada ka kuskura ka daina zuwa kotu don ka kai koke. Mutane da yawa nan suke faɗawa rami, a yanke hukunci ba sa nan. Da zarar an yanke kuwa, maganar ɗauke shari'a ta wuce, sai ɗaukaka ƙara, wanda a irin waɗannan kotuna yawanci kwana 30 ake bayarwa.